Ƙishirwa ma tana cikin hukuncin da alƙali ya yanke ne?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin shari'a da waɗanda suka san aikin gidan yari, ina da tambaya. Wa ke da alhakin ba fursuna ruwan sha mai tsabta, hukuma ko danginsa? Ƙanena yana tsare yana jiran shari'a a wani gida da ba zan kama suna ba. Duk zuwan da zan yi, ba abinci yake fara roƙo ba, cewa yake Yaya ki bar min kuɗin fiya wata. Ya ce ruwan da ake ɗebo musu wani lokaci ja ne, sai an ajiye ya kwanta, kuma in injin janyo ruwa ya tsaya haka za a wuni ana jira. Hannuwansa duk ƙuraje, tsakanin yatsunsa har ya yi fari don susa. Ni ban ce a sake shi ba, kotu ce za ta faɗi gaskiyarsa ko laifinsa. Amma ko wanda aka yanke wa hukunci, ban taɓa jin alƙali ya ce a ɗaure shi shekara kaza haɗe da ƙishirwa ba. In haƙƙi ne, ina ake zuwa a nema?

Dan_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya fito da shi lafiya. Amma a faɗi gaskiya, mu da ke waje ma ruwan muke nema. A layinmu famfo ya daɗe da bushewa, 'yan garuwa ne hukumar ruwanmu, in bazara ta yi nisa sai ka bi mai kura kana roƙonsa da kuɗinka. To wanda bai taɓa kayan kowa ba bai samu ba, sai a fara da na ciki? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ummu_Sadiq:
Haba Dan_Rigasa. Kai in famfo ya bushe kana da ƙafar zuwa rijiyar maƙwabta, kana iya tare mai kura. Shi wanda aka kulle da kwaɗo ina zai je?

Barista_Kawo:
Hajiya, amsar tambayarki a fili take: wanda ya tsare mutum shi ke da alhakin cinsa da shansa da lafiyarsa, ba dangi ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowa yana da haƙƙin a kiyaye mutuncinsa, ba a azabtar da shi, ba a wulaƙanta shi, kuma bai cire fursuna ba. A watan Disamba na 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da ake kira Dokokin Mandela. Ta 22 ta ce dole ruwan sha ya samu ga kowane fursuna a duk lokacin da ya buƙata. Ku lura, ba a ce sau biyu a rana ba, ba a ce in an kawo wuta ba. Ta 18 kuma ta yi maganar ruwan wanka da tsabtar jiki.

Dan_Rigasa, karin maganarka ba ta hau nan ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Wani rikicin bashi ne ya kai shi, wani kamen dare ne ya rutsa da shi yana dawowa daga aiki, wani an ba shi beli ya rasa mai tsaya masa. Waɗannan wane ruwa suka ja?

Dan_Rigasa:
Barista na ji ta masu jiran shari'a. Amma akwai masu garkuwa da mutane a ciki, akwai waɗanda suka raba mata da mazajensu a hanyar Birnin Gwari. Su ma sai mu tashi tsaye a kan ruwansu?

Almajirin_Zazzau:
Ɗan'uwa, zafin da kake ji gaskiya ne, kusan babu gidan da wannan masifa ba ta taɓa ba. Amma ka tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci da ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kyanwa fa ke nan, ina ga ɗan Adam? Kuma a Suratul Insan Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da wanda aka kama aka tsare. Malaman tafsiri sun ce kamammun wancan lokaci ba ma Musulmi ba ne. Hukunci na alƙali ne, a zartar da shi yadda shari'a ta ce. Hana ruwa kuwa zalunci ne, ko a kan wa aka yi shi.

Tsohon_Gandiroba:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, bari in sa baki tunda a wannan aiki na tsufa, na zauna a jihohi da dama kafin in yi ritaya.

'Yata Maman_Ilham, abin da ƙanenki ya faɗa miki ban yi mamakinsa ba. Amma mutane suna zaton babu ruwa ne kwata-kwata. Yawancin wuraren da na yi aiki akwai rijiya ko burtsatse, wani wurin har da layin famfo. Matsalar tana tsakanin ramin da bakin mai sha. Burtsatse sai da sumo, wato injin da ke janyo ruwa daga cikin rami, sumo sai da wuta. In aka ɗauke wuta sai janareta, janareta sai da mai. Ranar da sumo ya ƙone, a rubuta takarda sama, a zauna jira. A wannan jiran ne ake koma wa tsohuwar rijiya da guga, ko a fita da 'yan aikin waje da jarkoki su ɗebo duk inda aka samu.

Na biyu, lokaci. Da yamma ake kulle ɗakuna, ba a buɗewa sai gari ya waye. Duk abin da aka shigar kafin kullewa, shi ne na sha, shi ne na alwala, shi ne na masai har safe. Ɗakin da aka gina don mutum ashirin in ya ɗauki hamsin, durom ɗin ruwansu bai ƙara girma ba. Sai shugaban ɗaki ya zauna a bakinsa da kofi yana rabo. Ku ƙiyasta wannan a watan Afrilu, rufin kwano, taga 'yar ƙarama a can sama. Na sha jin ana bugun ƙofa tsakar dare ba don faɗa ba, don ruwa ya ƙare, ni kuma ba ni da ikon buɗewa sai da umarni da ƙarin ma'aikata. Wannan ƙara har yau tana kunnena.

Kuma ku sani, mu ma ma'aikata ruwan muke sha, iyalanmu a bariki shi suke sha. Ba duk gandiroba ne mugu ba.

Ummu_Sadiq:
Innalillahi. Baba, Allah ya saka da alheri da wannan bayani.

Wanda_Ya_Gani:
Baba ya faɗi gaskiya amma ya rage. Ni na kwana a ciki, kotu ta wanke ni daga baya. Abin da bai faɗa ba shi ne ruwan ma yana da manya da ƙanana. Mai kuɗi ko mai 'yan ziyara yana sayen ruwan leda, yana biyan wani ya ɗebo masa na wanka. Wanda ba shi da kowa shi ke ɗebo wa wasu don ya samu ragowar. Jarkokin irin na man gyaɗa ne masu ruwan ɗorawa, in ka leƙa ciki gansakuka ta yi kore a gindi, ba sabulu ba komai na wankewa. Mukan ɗora gefen riga a bakin kofi mu tace. Gabza kowa ya san ba daɗi, amma mutum yana sabawa da ita. Ƙishirwa ba a sabawa. Da azumi na ga dattijo ya yi taimama ya ajiye ruwan alwalarsa don sahur. Kazuwa kuwa, in ta shiga ɗaki sai ta zagaye kowa.

Tsohon_Gandiroba:
Ɗana, ban musa ba. Akwai wannan, kuma akwai ma'aikatan da suke kau da kai. Allah ya yafe mana.

Hajjo_Unguwar_Rimi:
Maman_Ilham ki riƙa kai masa alif ya jefa a ruwan. Mu a gida da shi muke gyara ruwan rijiya, nan da nan yake yin garau.

Nas_Barnawa:
Anti Hajjo, a yi hattara. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yana iya yin fari tas alhali yana ɗauke da kwalara ko taifot. Abin da ke kashe su tafasawa ne ko sinadarin kulorin daidai gwargwado, kuma wanda ke tsare ba shi da murhu, ba kuma kowane abu ake bari a shigar masa ba. Shi ya sa gyaran dole daga tanki zai fara, ba daga kofi ba.

Ƙurajen tsakanin yatsu da Maman_Ilham ta bayyana sun yi kama da kazuwa, ki matsa a kai shi wurin ma'aikatan lafiya na gidan su duba. Sai dai ko an ba shi magani, in ba a wanke tufafi da shimfiɗa ba, ba a yi wa 'yan ɗakin gaba ɗaya ba, dawowa za ta yi. Ka ga an sake komawa kan ruwa.

Dan_Rigasa, ko don kanka ya kamata abin ya dame ka. A tsakiyar 2024 gwamnatin Legas ta tabbatar da ɓullar kwalara a gidan yarin Kirikiri. Kwalara ba ta san katanga ba. Ma'aikata suna komawa gida kullum, masu ziyara suna hawa Keke Napep ɗaya da mu, waɗanda aka sallama suna dawowa unguwa. Babban gidan yarin Kaduna a kan titin Independence yake, tsakiyar gari, ba a daji ba.

Kwamared_Tudun_Wada:
To mun ji ciwo, ina magani? Ni a ganina surutu a waya ba zai kawo ɗigon ruwa ba. Mu fito da kwalaye mu tsaya a ƙofar majalisar dokokin jiha, mu kira 'yan jarida. Gidajen yari ai na gwamnatin jiha ne, gwamna ya fito ya yi bayani.

Barista_Kawo:
Kwamared, gyara kaɗan. Gidajen da ke Kaduna da Zariya da Kafanchan da sauransu suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali ta Ƙasa, wadda take ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya. Dokar 2019 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ce ta ba ta wannan suna. Amma ba ka yi nisa da gaskiya ba, domin a watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ma ikon yin doka da kafa nasu gidajen. Kuma mafi yawan waɗanda ke ciki laifin da ake tuhumarsu na dokar jiha ne, kotunan jiha ne suka tura su. Don haka jiha ba za ta naɗe hannu ta ce ba ruwanta ba. Ƙofofi biyu za a ƙwanƙwasa.

Wani abu da mutane ba su sani ba: sashe na 12 na dokar 2019 ya ce in gida ya cika ya wuce ƙima, kwanturolan jiha, wato shugaban hukumar a jiha, ya sanar da babban jojin jiha da kwamishinan shari'a, har ma an ba da ikon ƙin karɓar sababbi. Rage cunkoso shi kansa ƙara ruwa ne. A ƙarshen 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da aka biya musu tara. Ku duba yawan bakin da ke shan ruwan gwamnati don kawai sun kasa biyan tara.

Mama_Saratu_Sabo:
Sannunku da wannan magana. Mu matan zumunta a cocinmu mukan kai ziyara lokacin Kirsimeti da Ista, da sabulu da omo da man shafawa. A Matiyu sura 25 Yesu ya haɗa shayar da mai ƙishi da ziyartar wanda ke kurkuku a wuri ɗaya. Abin da nake so in ƙara, ba wanda ya ambaci mata. Mace tana al'ada, wata tana da ciki, wata da jariri a hannu tana wankin tsumma. Ruwan da zai ishi namiji ba zai ishe ta ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa baƙo ba. Sai mun keɓe da su suke buɗe baki.

Barista_Kawo:
Mama, kin taɓo wuri mai muhimmanci. Akwai Dokokin Bangkok na 2010 musamman don mata fursunoni. Ta 5 ta ce a ba su audugar mata kyauta da ruwa a kai a kai, musamman masu ciki da masu shayarwa da masu al'ada.

Alhaji_Mai_Yadi:
Ni ɗan kasuwa ne, ban iya dogon turanci ba. Nawa ne kuɗin burtsatse? Mu yi karo-karo mu haƙa, mu sa sola, Allah ya ba mu lada. Ai an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, ya ce shayar da ruwa. Ni na ɗauki tanki ɗaya.

Kwamared_Tudun_Wada:
Alhaji Allah ya ƙara arziki, amma a nan muke rabuwa. Duk lokacin da muka yi wa hukuma aikinta, sai ta ƙara miƙe ƙafa. Ana ware kuɗi a kasafi kowace shekara. A 2024 an ƙara kuɗin ciyar da fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana saboda an yi ta magana, ba don wani ya kai sadakar shinkafa ba. Haƙƙi ba a roƙonsa da kwano.

Alhaji_Mai_Yadi:
Ɗana, kafin takardarka ta kai Abuja ta dawo, yaron Hajiya me zai sha?

Mai_Burtsatse:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma bari mai sana'a ya yi magana. Haƙa rami shi ne mafi sauƙi a aikin. Na ga burtsatsen sadaka da yawa a makarantu da masallatai, an yanka kyalle an ɗauki hoto, bayan shekara ɗaya sumo ya mutu ba mai gyara. Kafin a haƙa sabo a tambaya: na da ɗin me ya same shi? Sau da yawa kuɗin gyaransa bai kai rabin na sabo ba.

Sannan lissafi. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana ƙiyasta lita 10 zuwa 15 ga kowane fursuna a rana a matsayin mafi ƙaranci, na sha da girki da tsabta. A ce gida yana da mutum 1,000, lita 15,000 ke nan kullum, jarka 600 mai lita 25. Tanki ɗaya na Alhaji ba zai je ko'ina ba, sai an yi jeri, kuma sai an ja bututu zuwa cikin ɗakuna, in ba haka ba matsalar daren da Baba ya faɗa tana nan daram. Sola tana aiki da rana ne, don haka ajiya ita ce komai.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi tsorata ni: tazara tsakanin rijiya da ramin masai. Ana so a bar aƙalla mita 30. Tsofaffin gidajen da aka gina tun zamanin Turawa fili ya yi musu kaɗan, mutane sun ƙaru, ramuka suna cika suna tsiyaya, da damina ruwan ƙasa ya taso su haɗu. Don haka a auna ruwan a ɗakin gwaji kafin komai.

Hajjo_Unguwar_Rimi:
Damina ma ai wata fitinar ce. Ba ku tuna Maiduguri a Satumban 2024 ba, da madatsar Alau ta ɓalle, ambaliya ta rusa katangar gidan yari fursunoni 281 suka gudu?

Kwamared_Tudun_Wada:
Anti wannan wani babi ne, kar mu watse. Abin da ke ba ni takaici, manyanmu da yawa sun ɗanɗana ɗauri. Obasanjo ya zauna daga 1995 zuwa 1998. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki ya rasu a 1997. Sanata Shehu Sani namu na Kaduna Abacha ya ɗaure shi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sau 16 ana ɗaure ta saboda siyasar NEPU. Ba wanda zai ce shi ya fi ƙarfin shiga. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma har yanzu ina kan tambayata: ni mace ɗaya, gobe in na tashi, ƙofar wa zan nufa? Kuma ina tsoron in yi ƙorafi a huce a kansa.

Wanda_Ya_Gani:
Yaya, tsoronki yana kan hanya. Kar ki sa sunansa a ko'ina, kar ki saka hotonsa a Facebook. Ku kuna komawa gida ku kwanta, shi a hannunsu yake kwana. Kwamared, wannan ne ya sa ban goyi bayan kwalaye tun farko ba.

Barista_Kawo:
Hajiya, ki fara da jami'in jin daɗin fursunoni na gidan, cikin lalama, kan maganar ƙurajen. In bai da lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a tana da ofis a Kaduna, kyauta suke yi wa marasa hali. Maganar ruwa kuwa kar ta fito daga bakinki ke kaɗai. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke, kuma doka ta ba ta ikon shiga wuraren tsare mutane ta duba. Mu rubuta da sunan jama'a, ba sunan fursuna ko ɗaya. Sannan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar tarayya kwana 7 ta amsa tambaya. Mu tambaya a rubuce: kowane gida a jihar nan daga ina yake samun ruwa, mutum nawa aka gina shi ya ɗauka kuma nawa ke ciki, yaushe aka auna ruwan, nawa aka ware don gyara. Ni zan tsara takardar kyauta.

Dan_Rigasa:
Ni dai ban canza ra'ayi a kan masu garkuwa ba. Amma na masu jiran shari'a da mata, ku sa hannuna. Sharaɗi ɗaya: ranar da muka tashi neman ruwan Rigasa, ku ma ku fito.

Alhaji_Mai_Yadi:
Ku yi takardarku, ni tankina yana nan. Ba zan jira kwana bakwai ɗin kowa ba.

Tsohon_Gandiroba:
Alhaji, ko tankin ba zai wuce ƙofa ba sai da izinin kwanturolan jiha a rubuce. Haka ma ruwan da Mai_Burtsatse yake so a auna, ko kwalba ɗaya ba a fita da ita sai an amince. Shawarata ku je a matsayin masu son taimako, ku tafi da limami da fasto da dattijo ɗaya. In kuka fara da faɗa, ƙofar rufewa za ta yi.

Kwamared_Tudun_Wada:
Baba, da girmamawa, in muka shiga da tanki a gaba, wa zai iya ɗaga murya ya yi tambayar kasafi a zama ɗaya? A raba tafiyar biyu. Alhaji da su Mama su je da nasu, mu da Barista mu kai takarda.

Mama_Saratu_Sabo:
In an raba, a sa mace a kowace tawaga. Barista, ka ƙara tambaya ta biyar a kan ɓangaren mata da jariransu.

Nas_Barnawa:
Da ta shida: mutum nawa suka yi amai da gudawa a daminar bara. Asibitin kowane gida yana da littafin rajista. Mai_Burtsatse, gwajin nan a ina ake yinsa a Kaduna, kuma wa zai biya?